Majinyaciya ta ce "Me na yi wa Allah?": shin wannan ma aikin nas ne?

"Malama, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekara ta uku. Kwanaki ina aikin dare, na gama canza wa wata mata mai cutar daji ledar ƙarin ruwa, sai ta riƙe hannuna ta ce, 'Me na yi wa Allah ya ɗora mini wannan?' Na rasa abin cewa, na ce ta yi haƙuri, na fita. Da na ba 'yan ajinmu labari sai muka rabu biyu. Wasu suka ce wannan ba aikinmu ba ne, mu ba malamai ba ne, ba kuma fastoci ba. Wasu suka ce na yi sakaci da ban yi mata nasiha da addu'a ba. Su wa ke da gaskiya? Kuma me ya sa ɗalibai da ke aji ɗaya, suna karanta littafi ɗaya, suke shan bamban haka a kan wannan batu?"

Ƙanwata, barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarki gida biyu ce. Ta farko, shin abin da ke cin majinyaci a zuci, game da Ubangijinsa da dalilin wahalar da yake sha da abin da ke jiransa a gaba, yana cikin aikin nas da likita, ko kuwa na malaman addini ne su kaɗai? Ta biyu, me ke raba kan ɗalibai a kai? Na daɗe ina jinyar masu cutar daji da waɗanda ciwo ya kai su gargara, ina kuma koyar da ɗalibai irinki, don haka gardamar ajinku ba baƙuwa ba ce a wurina. Da wuya wani rukuni ya zo ya wuce ba a yi ta ba.

Ban goyi bayan ko ɗaya cikin ɓangarorin biyu ba, kuma a ganina ba su yi nisa da juna kamar yadda suke zato ba. Mai cewa "ba aikinmu ba ne" so yake ya fice daga ɗakin. Mai cewa "da kin yi mata nasiha" so yake ya ba da amsa ya huta. Dukansu hanyar rufe maganar da wuri suke nema, alhali matar buɗe ta ta yi. Abin da ke kanki a daren nan shi ne ki ji ƙarshen zancenta, ki gane ko ya shafi jinyarta, sannan ki san wanda ya kamata a kira. Wannan aikin nas ne tsantsa, kuma koyonsa ake yi da maimaici, kamar yadda kika koyi neman jijiya.

Yadda batun ya shigo manhaja

Karatun likitanci na zamani a ɗakin gwaji aka gina shi. Tun daga rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya sauya fasalin makarantun likitanci a Amurka da Kanada, abin da ake iya aunawa shi ya samu gindin zama, kuma duniya ta ci ribar hakan ƙwarai, kada wani ya raina. Sai dai abin da ba ya aunuwa an bar shi a bakin ƙofa. Ma'anar lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita tun 1948 ta ambaci jiki da tunani da zamantakewa, ba ta ambaci ruhi ba.

Wadda ta fi kowa dawo da maganar gefen gado ita ce Cicely Saunders, 'yar Ingila, wadda ta fara da aikin jinya, ta koma aikin kula da walwalar marasa lafiya, daga baya ta karanci likitanci. Zama da masu jiran ajali ya nuna mata cewa akwai ciwon da mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, shi kaɗai ba ya kashewa, domin raɗaɗin jiki ya cuɗe da tsoro, da damuwar iyali, da tambayar "don me sai ni?". A shekarun 1960 ta bayyana cewa ciwo dunƙule yake, ya haɗa jiki da zuciya da zamantakewa da ruhi, kuma a 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan bisa wannan fahimta. Ki lura da kyau, ba ta ce a rage magani a ƙara addu'a ba. Ita ce ma ta dage a riƙa ba da maganin ciwo a kan ƙa'idar lokaci, kada a jira sai majinyaci ya yi kuka tukuna. Zuwa 2002 ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta zo fayyace jinyar sauƙaƙa wa masu ciwon da ba a sa ran warkewa, ta sa matsalolin ruhi a jerin abin da za a bincika a magance. A Amurka kuwa, makarantun likitanci 17 ne cikin 126 ke koyar da wani abu a kan wannan a 1994, amma zuwa 2004 sun kai 84.

Abin da ɗalibai ke cewa idan an tambaye su

An sha tambayarsu, kuma amsar kusan iri ɗaya ce a ko'ina. A wani babban bincike da aka wallafa a 2013, an tambayi ɗaliban likitanci 3,630 a makarantu 12 na ƙasar Birazil. Kimanin kashi 71 cikin ɗari sun yarda cewa abin da ya shafi ruhi na tasiri a lafiyar majinyaci, kashi 58 suna so su riƙa taɓo batun, amma kusan rabinsu sun ce ba su da shirin yin haka, kuma kashi 81 ba su taɓa halartar wani darasi a kai ba. A Turai, Linda Ross da abokan aikinta sun bi diddigin ɗaliban jinya da ungozoma 2,193 a jami'o'i 21 na ƙasashe 8, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun ga cewa jin ƙwarewar ɗalibi a wannan fanni yana ƙaruwa yayin da karatu ke tafiya, kuma ya fi ƙarfi a wurin wanda shi kansa ke da tasa rayuwar ta ruhi, da wanda bai taƙaita batun ga ibada kaɗai ba.

Idan kika waiwayi waɗanda suka riga suka kama aiki, a nan za ki ga giɓin. Wani bincike na Michael Balboni da abokan aikinsa a asibitocin cutar daji na Boston, shi ma a 2013, ya gano cewa akasarin nas-nas da likitoci suna ganin ya dace a riƙa kula da wannan ɓangare, amma kashi 87 na majinyatan sun ce nas ba ta taɓa yi musu ba, kashi 94 sun ce likita bai taɓa yi ba. Ma'aikatan sun yawaita kukan rashin lokaci, sai dai da aka auna, rashin horo ne ya fi raba masu yi da marasa yi.

Ina karanta waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan. Takardar tambayoyi ce, mutum yana cike abin da yake ganin ya fi kyau a ce, kuma wanda batun bai dame shi ba shi ya fi ƙin cikewa tun farko. Ɗalibin da ya ce ya ƙware, shi ya ba kansa maki, ba majinyaci ba. Duk da haka abu ɗaya ya fito fili, kuma ya yi daidai da abin da nake gani a aji: ra'ayin ɗalibai ba shi ne matsalar ba. Yawancinsu sun riga sun yarda. Abin da ba su da shi shi ne jimlar farko da za su furta.

Me ya raba kan 'yan ajinku

Abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida yana da tasiri, babu ja, kuma zan dawo kansa. Amma abin da ya fi sauya ɗalibi shi ne ɗakin majinyata. A aji an gaya miki ki kula da mutum gaba ɗayansa. Kin shiga zagayen safe, kin ga babban likita ya tsaya minti biyu, ya buɗe fayil, ya ce "gado na shida a ƙara mata ruwa", ya wuce. Babu wanda ya ce kada ki tambayi gado na shida abin da ya hana ta barci, amma kin riga kin koya, gani ya kori ji. Masana koyarwa na kiran wannan ɓoyayyiyar manhaja. Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa makin tausayin ɗaliban likitanci a wata makaranta a Amurka ya faɗi sosai a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara cuɗanya da marasa lafiya. Akwai masu ja da yadda aka auna, amma duk malamin da ya ga ɗalibi a makonsa na farko ya sake ganinsa bayan shekara biyu a asibiti ya san akwai ƙamshin gaskiya.

Wasu cikin masu cewa "ba aikinmu ba ne" suna da hujja ta ilimi, a ba su haƙƙinsu. A 2006 Herbert Benson da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwaji a kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya. An sa wasu ƙungiyoyi su riƙa yi wa wasu daga cikinsu addu'a daga nesa. Ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, kuma waɗanda aka sanar da su cewa lallai ana yi musu sun ɗan fi samun tangarɗa bayan tiyatar. Tun 1999 Richard Sloan ya yi gargaɗi a mujallar Lancet cewa kada likitoci su mai da addini abin rubutawa a takardar magani. Na yarda da shi a nan. Ni mai imani ce, kuma ban ga yadda za a sa addu'a a sikeli ba. Amma ɗalibai suna haɗa tambayoyi biyu da ba ɗaya ba. Ko ibada na warkar da ƙari a hanta, wannan tambaya ce daban. Ko imanin majinyaci na sauya yadda yake shan magani, da abin da zai yarda a yi masa, da yadda yake jin ciwonsa, wannan kuma amsarta a fili take. Binciken da aka wallafa a 2004 kan masu ciwon suga sama da 12,000 a ƙasashe 13 ya nuna cewa kashi 79 na masu nau'i na biyu, da kashi 43 na masu nau'i na farko, sun yi azumin aƙalla kwana 15 a Ramadan. Likitan da bai tambaya ba, ya rubuta insulin yadda ya saba, shi zai karɓi majinyacin a sume. Haka mai ƙin ƙarin jini saboda aƙida, da mai gudun maganin da aka haɗa da wani abu daga jikin alade, da mai ƙin mofin don yana so ya cika cikin hayyacinsa. Duk waɗannan a cikin fayil ya kamata su kasance.

Sai kuma dalilin da ba a cika faɗa a aji ba, wato tsoro. Ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wataƙila bai taɓa ganin fitar rai ba sai a asibiti. Tambayar matar nan ta taɓo wurin da shi ma bai gama daidaitawa da kansa ba. Cewa "ba aikinmu ba ne" ya fi sauƙin faɗa a kan cewa "ni ma abin ya girgiza ni".

Ɗalibi mai addini ya fi ba ni aiki

Wannan zai ba wasu haushi, amma sai na faɗa. Ɗalibin da ke gudun batun, da zarar na koya masa tambaya ɗaya ko biyu sai ya kama hanya, domin ya san bai sani ba. Wanda ya fi wuyar gyara shi ne mai ƙwazon addini da ke ganin ya riga ya iya. Yana da aya a baki, yana da ƙissar annabin da aka jarraba ya yi haƙuri, yana da niyya mai kyau. Majinyaci bai rufe baki ba ya ba shi amsa.

Ki duba yadda zaman yake. Ke kina tsaye da kayan aiki, ita tana kwance da rigar asibiti. Allurar ciwonta a hannunki take, ke za ki kawo mata abin ba-haya da tsakar dare. Idan kika ce mata "haram ne ki faɗi haka" ko "ai jarrabawa ce, ki gode", ba za ta yi miki musu ba. Za ta ce "haka ne", ta yi shiru, kuma ta koyi cewa a gabanki ba a faɗin irin wannan. Tambayar ba ta tafi ko'ina ba, ta dai koma ciki, yanzu kuma ga kunya a kai.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kenneth Pargament da abokan aikinsa sun bi tsofaffi marasa lafiya 596 na tsawon shekara biyu, suka wallafa a 2001 cewa waɗanda ke fama da tunanin Allah ya yi watsi da su, ko ya daina son su, sun fi sauran yawan mutuwa a cikin wannan lokaci. Binciken bai tabbatar da cewa tunanin ne ya kashe su ba, amma ya nuna cewa irin wannan kokawa ta zuci alama ce da ya kamata ma'aikaci ya kula da ita, ba ya danne ta ba. Imani ga mutane da yawa shi ne abin da ke riƙe su a lokacin ciwo. Ga wasu kuma, a wani lokaci, shi ne wurin da ya fi yi musu zafi. Mutum ɗaya ma yana iya kwana a wannan ya tashi a wancan.

Akwai kuma zato. Kin ga sunan majinyaci ko shigarsa, kin yanke cewa addininku ɗaya, saboda haka kin san abin da yake so. Ba lallai ba ne. Addini ɗaya yana da fahimta iri-iri, wani ya daɗe da barin ibada bai gaya wa danginsa ba, wani kuma ba ya bin addini ko kaɗan amma yana da abin da ke hana shi barci. Na yi jinyar wani dattijo da ya ƙi a kira masa kowane malamin addini, ya ce a bar shi. Abin da ke ransa ɗansa ne, da suka yi shekaru ba sa magana. Buƙatarsa ta ruhi ita ce wani ya taya shi nemo lambar wayar yaron, ya kuma ja labule ya ba su wuri.

Abin da za ki yi a gefen gado

Christina Puchalski, likita a jami'ar George Washington, ta tsara 'yan tambayoyi a 1996 da ake kira FICA (harufan farko na sunayen gurabensu huɗu da Turanci), kuma har yau su na fi koyarwa don gajeru ne. Gurbi huɗu suka taɓa: abin da mutum ya yi imani da shi ko yake dogaro da shi, nauyin wannan a rayuwarsa da shawararsa ta jinya, jama'ar da ke tare da shi, da yadda yake so ma'aikata su yi la'akari da hakan. Kada ki karanto su daga takarda kamar mai cike fom. Ki sa su a bakinki: "Baba, idan abu ya yi tsanani, me ke ƙarfafa maka zuciya?" "Akwai abin da ka yi imani da shi da ya kamata mu sani kafin mu tsara maganinka?" "Akwai wanda kake so a kira maka?" Idan ya ce babu, kin samu amsa, ki wuce. Ba a tilasta wa mutum ya buɗe cikinsa.

Tambayar da na fi ganin amfaninta ma ba ta ambaci addini ba: "Akwai abin da kika saba yi da kwanciyar asibiti ta hana ki?" Wata dattijuwa da aka sa wa robar fitsari bayan tiyata ta daina cin abinci, ta juya fuska bango, ta matsa wa 'ya'yanta su mai da ita gida. Mun yi zaton ciwon damuwa ne, har ana maganar kiran likitan ƙwaƙwalwa. Wata ɗaliba da ke goge mata jiki ta yi mata wannan tambaya. Sai tsohuwar ta nuna ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado da haɓa, ta ce tun da aka sa mata wannan abin ba ta yi salla ba, ga najasa manne a jikinta dare da rana, idan ta mutu a haka me za ta je ta ce. Ɗalibar ba ta ba da fatawa ba, kuma da wannan ta burge ni. Ta gaya wa sista, aka kira malamin da tsohuwar ta yarda da shi, ya yi mata bayanin rangwamen da aka yi wa mai lalura. Mu kuma muka daidaita lokacin zubar da ledar da gyara mata jiki da lokutan ibadarta, muka rubuta a fayil don masu karɓar aiki. Washegari da kanta ta nemi abinci.

To, matar da ta riƙe hannunki fa? "Ki yi haƙuri" ba laifi ba ne, kada ki ɗora wa kanki nauyi. Amma da kin jawo kujera kin zauna, ko da na minti uku ne, kika ce "Wannan tunanin ya daɗe yana damunki?" ko "Gaya mini abin da ke ranki", sannan kika yi shiru, da kin ji abin da ke ƙarƙashin tambayar. Sau da yawa ba bayanin tauhidi ake nema ba. Wata wani ɗan'uwa ne ya ce mata alhaki ne ke bin ta. Wata akwai abin da ta aikata shekaru da suka wuce da take so ta faɗa wa wani kafin ta tafi. Wata mijinta ne ya rage zuwa. Wata kuwa maganin ciwonta ne ke sakinta da ƙarfe biyun dare, kuma mutum a cikin raɗaɗi da duhu komai yana iya faɗa. Kowanne da abin da ya dace da shi: wannan malami ko fasto, wannan ma'aikacin walwala, wannan a sake duba awon mofin. Ki kuma saurara ko akwai alamar ciwon damuwa mai tsanani, ko maganar gara ta mutu ta huta da hannunta. Wannan ba a kwana da shi, a take za ki sanar da babba. Idan ta dage sai kin ba ta amsa, babu aibi ki ce, "Ban san dalili ba, amma ina nan, ina jin ki."

Maganar addu'a kuwa, fatan samun sauƙi da ke bakin kowa gaisuwa ce, babu mai hana ki. Zama a yi addu'a tare da majinyaci wani abu ne daban, kuma ƙa'idata ita ce daga wurinsa za ta fito. Hukumar da ke kula da aikin likitoci a Birtaniya ta rubuta kusan haka a jagorarta: likita zai iya maganar imaninsa ne kawai idan majinyaci ya tambaya ko ya nuna yana so, kuma ba zai ɗora masa ba. A can ne aka taɓa dakatar da wata nas a ƙarshen 2008 don ta yi wa wata majinyaciya tayin addu'a, kafin a mai da ita aiki a farkon 2009, abin da ya jawo muhawara mai zafi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ki san na inda kike aiki. Idan majinyaci ya roƙa, addininku ɗaya, kuma ranki ya kwanta, ki yi gajeriya, ki bar shi ya faɗi abin da yake so a roƙa, kada ki yi masa alkawarin warkewa da sunan Allah. Idan addininku ba ɗaya ba ne, ba sai kin yi abin da ya saɓa wa imaninki ba. Kina iya tsayawa cikin girmamawa shi ya yi tasa, ko ki nemo masa nasa mutanen.

Inda abin ke da wuya

Ba kowane labari ke ƙarewa kamar na tsohuwar nan ba. Mafi wuya a wurina shi ne iyalin da ke jiran mu'ujiza, majinyaci na kan injin numfashi, jiki ya gama gazawa, su kuma suna ganin amincewa a tsaya kamar yanke ƙauna ne daga rahamar Allah. Andrea Phelps da abokan aikinta sun nuna a 2009, cikin masu cutar daji 345 da ciwonsu ya yi nisa, cewa waɗanda suka fi dogaro da addini wajen jure ciwo sun ninka sauran kusan sau uku wajen karɓar jinyar tsawaita rai mai tsanani a makonsu na ƙarshe. Shekara guda bayan haka Tracy Balboni da abokan aikinta suka nuna cewa waɗanda ma'aikatan asibiti suka kula da buƙatunsu na ruhi sun fi karɓar jinyar sauƙaƙawa, kuma kwanakinsu na ƙarshe sun fi daɗi. Abin da na fahimta daga nan shi ne, musu da imanin mutane ba ya kai ko'ina, amma idan suka ga an ɗauki imaninsu da daraja sun fi sauraron bayanin likita. Duk da haka akwai iyalan da muka zauna da su sau da yawa, da malaminsu a wurin, ba su sauya ba, kuma haƙƙinsu ne.

Haka babban mutum mai hankalinsa da ya ƙi ƙarin jini saboda aƙida. Aikinki ki tabbata ya fahimci abin da zai biyo baya, a kuma tambaye shi shi kaɗai, ba a gaban dangi ko shugabannin addininsa ba, don wani lokaci amsar kan sauya idan ɗakin ya zama babu kowa. Idan ƙaramin yaro ne, magana ta koma hannun manyan likitoci da doka, ba ta ɗaliba ba ce. Ni kaina iyakata ke nan: ni ba malamar addini ba ce, ba na yanke hukuncin halal da haram a gefen gado, ko da na san amsar a addinina.

Ga abin da zan so ku gwada a ajinku maimakon ci gaba da gardamar. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama majinyaci ya faɗi jimla mai nauyi irin ta matar nan, ɗayan kuma an hana shi abu uku na tsawon minti biyar: nasiha, labarin kansa, da sauya zance zuwa magani. Tambaya kawai da saurare. Sannan ku sauya, wannan karon majinyacin ya zama mai wani addini daban, ko marar addini. A ƙarshe mai sauraron ya rubuta layi biyu da zai sa a fayil, waɗanda nas ɗin da za ta karɓi aiki da safe za ta iya amfani da su. Ku sa wani ya riƙe agogo, domin a karon farko yawancin ɗalibaina kafin minti ɗaya ya cika sun fara wa'azi.